Koyar da Adon Maganar Ingilishi Mai Bayyana Wahalhalun Yau da Kullum: Misali daga Tafa da Suleja

Wannan sashe na rahoton zai dubi wani rukuni na kalmomin Ingilishi da ke ba ɗaliban sakandare wuya, wato maganganun da ake yi wa ado domin bayyana ƙuncin rayuwa, kamar rashin kuɗi da yawan aiki da shiga tsaka mai wuya. Ra'ayinmu shi ne, haddar irin waɗannan maganganu a jere tare da ma'anoninsu ba ta wadatar ba. Ya kamata malami ya fara daga hoton da ke cikin maganar, ya auna shi da wanda ɗalibi ya zo da shi daga gida.

Mun zaɓi Ƙaramar Hukumar Tafa, mai hedikwata a Sabon Wuse, da maƙwabciyarta Suleja ne saboda yanayin harsunansu. Yankin yana kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma ya tara Gbagyi da Koro da Hausawa da Fulani da baƙi daga sassan ƙasar nan. Yaro zai iya tashi da Gbagyi a gida, ya yi ciniki da Hausa a kasuwa, sannan ya tarar da Ingilishi a aji. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta tanadi a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru uku na farkon firamare. To amma jarrabawar WAEC da ta NECO da Ingilishi ake rubuta su, kuma a takardar Ingilishi akan tambayi ma'anar irin waɗannan maganganu.

A littafinsu na 1980, Metaphors We Live By, George Lakoff da Mark Johnson sun nuna cewa siffantawa ba ta tsaya ga waƙa da adabi ba, da ita mutane ke tunani kullum. Bature yakan ɗauki rayuwa tamkar tafiya, matsala kuwa tamkar kaya ko shinge a kan hanya. Bahaushe ma haka, shi ya sa yake cewa nauyi ya yi masa yawa, ko ya rasa mafita. Inda hotunan suka dace, aikin malami kaɗan ne. Yaron da yake ganin manyan motoci suna nishi da kaya a kan tudu ba ya buƙatar dogon bayani a kan "an uphill task". Haka "from hand to mouth", domin "hannu baka, hannu ƙwarya" ta riga ta zauna a bakinsa.

Matsalar tana tasowa ne inda hoton ya fito daga wata ƙasa mai wani yanayi. Babban misali shi ne ruwa. Bature yana cewa a yi tanadi "for a rainy day", yana nufin ranar wahala, domin a Ingila ruwan sama yakan hana fita aiki. A wurin ɗan manomin doya ko dawa a Tafa kuwa, ranar ruwa ranar murna ce, tunda an ce damina uwar albarka. Idan aka bar shi ya fassara da hankalinsa, zai kai ga akasin abin da ake nufi, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Haka nan "to keep one's head above water" tana nuna mai fama da bashi tamkar wanda ruwa ke neman cinyewa. Bahaushe kuma, idan dabara ta ƙare wa mutum, sai ya ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A can yawan ruwa ne bala'i, a nan ƙarewarsa. Wannan sāɓani shi kaɗai ya isa darasi guda, kuma muna ganin ya fi jerin maganganu ashirin amfani. Su kuwa "snowed under" da "on thin ice", sai malami ya fara bayyana ƙanƙarar da ke rufe gida da kogin da ke daskarewa kafin ya taɓa ma'ana.

Akwai kuma tarkon kama da wane. "To tighten one's belt" ta yi kama da "ɗaura ɗamara", har wasu malamai sukan fassara ta haka. Amma mai ɗaura ɗamara shiri yake yi na tunkarar aiki, shi kuwa mai tsuke bel rage ci da kashe kuɗi yake yi. Daidai da ita a Hausa ita ce "tsuke bakin aljihu", wadda kafofin yaɗa labarai suka yawaita amfani da ita tun matakan tattali na gwamnatin Shagari a 1982 da shirin SAP na 1986. Iyayen ɗalibai sun sake jin ta bayan cire tallafin man fetur a 2023.

Ga masu tsara manhaja, muna ba da shawarar a rarraba waɗannan maganganu bisa hotunansu, kamar hanya da kaya da ruwa da wuta, maimakon bin haruffan abacada. A fara da masu dacewa da na Hausa a ƙaramar sakandare, a jinkirta masu baƙon yanayi zuwa babbar sakandare. A kuma ba malami damar tambayar aji yadda ake faɗin abu a gida. Idan ya kawo "between the devil and the deep blue sea", da wuya a rasa wanda zai ce "gaba kura, baya sayaki". Idan ya kawo "out of the frying pan into the fire", wani zai ce "an gudu ba a tsira ba". Yaran Gbagyi da Koro su ma a nemi nasu, a rubuta a allo, ko da malamin ba ya jin harshen. Wannan yana buƙatar malamin Hausa da na Ingilishi su riƙa tsara darasi tare, don haka a ware musu lokaci a jadawalin makaranta, ko da sau ɗaya ne a kowane zangon karatu.