Bugun Zuciya da Firgitar da Kan Biyo Bayansa

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba ma bukatar a fassara mana wannan karin magana. Ran 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, ba a sako su ba sai ran 17 ga watan. Kafin wannan, a watan Yuni na shekarar, an kashe mutane da yawa a ƙauyen Kadisau na ƙasar Faskari. Mun san mutanen da ƙarar babur kaɗai kan sa gabansu ya faɗi tun daga wannan lokaci. To, 'yan'uwana ɗalibai, nufina a nan in yi bayanin wata firgita mai kama da wannan, wadda ba daga daji take fitowa ba, daga cikin ƙirjin mutum take. Ita ce firgitar da kan kama wanda ya tsira daga bugun zuciya.

Da farko, mene ne bugun zuciya? Zuciya tsoka ce mai harba jini zuwa dukkan jiki, ita ma kuwa tana da nata ƙananan jijiyoyi masu kai mata jini. Idan kitse ya taru a bangon ɗaya daga cikinsu, sa'an nan gudan jini ya zo ya toshe ta, sai ɓangaren tsokar da take ciyarwa ya fara mutuwa. Mutum ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ciwon ya hau kafaɗa ko hannun hagu ko muƙamuƙi, gumi ya karyo, numfashi ya gagara. Manyan abubuwan da ke share masa hanya su ne hawan jini, ciwon sukari, shan taba, yawan kitse a jini, da gado. Mummunan tashin hankali yana iya tayar da shi ga wanda jijiyoyinsa suka riga suka ƙuntace.

Ita kuwa firgitar bayan masifa, likitocin Amurka sun sa ta cikin littafinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa a 1980, bayan abin da suka gani ga sojojinsu da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Alamominta iri huɗu ne. Abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko a farke. Ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa da shi. Ransa ya ɓaci, ya daina jin daɗin abin da dā yake so. Sa'an nan ya zauna kullum a ɗarare, barci ya ƙaurace masa. Kowa kan ji irin wannan a kwanakin farko, amma in ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, to ya zama ciwo.

A 2012 wani masani mai suna Donald Edmondson na Jami'ar Kolumbiya a Amurka, tare da abokan aikinsa, suka tara sakamakon bincike 24. Suka tarar kimanin mutum 1 cikin 8 da suka tsira daga bugun zuciya kan kamu da wannan firgita, kuma haɗarin sake bugu ko mutuwa ya kusa ninkawa a gare su. Dalili ɗaya a fili yake. Wanda 'yan bindiga suka kora yana iya ƙaura zuwa Funtuwa ko Katsina ya sami barci. Amma mai ciwon zuciya ina zai gudu? Abin tsoronsa yana tare da shi, a kasuwa da masallaci da kan gado.

Abin mamaki shi ne, girman ɓarnar da bugun ya yi wa zuciya ba shi kaɗai ke nuna wanda zai firgita ba. Abin da majiyyaci ya ɗauka a ransa game da ciwon yana da babban rabo. Tun wajen 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam, Howard Leventhal, ya bayyana cewa kowane mara lafiya yakan ba kansa amsar tambayoyi biyar: Wane ciwo ne wannan? Me ya kawo shi? Yaushe zai rabu da ni? Me zai jawo mini? Akwai abin da ni ko likita za mu iya yi? Amsoshin da ya ba kansa su ke jan ragamar halinsa, ko daidai ne ko kuskure.

Bari in ba da misali. A ce manoma biyu, ɗaya daga Faskari, ɗaya daga Sabuwa, an kwantar da su ɗaki ɗaya da ciwo iri ɗaya. Na farko ya tabbata a ransa jifa aka yi masa, ko kuwa razanar daren da aka shigo garinsu ce ta fasa masa zuciya, fasasshe kuwa ba ya ɗinkuwa. Da aka sallame shi sai ya kwanta. Ba ya zuwa gonar masararsa, ba ya zuwa kasuwar Sheme. In ya hau tudu zuciyarsa ta ƙara sauri, sai ya ce ga mutuwa nan. Tsoron ya ƙara wa zuciyar sauri, saurin ya ƙara masa tsoro. Ƙwayoyin magani ma ba ya son ganinsu, domin suna tuna masa da ranar, kuma a ganinsa ƙwaya ba ta maganin jifa. Ya bar sha, jininsa ya hau, ashe abin da yake tsoro shi yake jawowa kusa.

Na biyun kuwa likita ya zana masa hoton zuciya a takarda, ya nuna masa jijiyar da ta toshe, ya ce masa wurin zai yi tabo cikin 'yan makonni, sauran tsokar kuma za ta ci gaba da aiki. Ya gane hawan jini da taba su ne tushe, kuma yana da iko a kansu. In zuciyarsa ta yi sauri a kan tudu ya san aikinta take yi. Shi ma yana jin tsoro, amma tsoron da ke kai shi asibiti ranar da aka ce ya komo.

Wannan ba zato ba ne kurum. A birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan, Keith Petrie da abokansa sun gwada zama da majiyyata sau uku kafin a sallame su, suna gyara musu kuskuren fahimta game da ciwonsu. Sakamakon da suka buga a 2002 ya nuna waɗanda aka zauna da su sun riga sauran komawa aiki.

Wani zai ce, ai kome ƙaddara ce. Gaskiya ne, imani da ƙaddara kan kwantar da hankali, ya hana mutum zargin kansa. Amma malamai sun koya mana neman magani ba ya warware tawakkali. Wanda ya ce ƙaddara ce ya sha maganinsa, da wanda ya ce ƙaddara ce ya zubar da shi, ba tafiyarsu ɗaya ba.

To, mene ne namu a ciki, mu 'yan makaranta? A gidaje da yawa mu ne masu karanta takardar asibiti. Na ɗaya, in babba ya kama ƙirji yana gumi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko a jira gari ya waye in da halin fita. Kowane minti tsokar zuciya mutuwa take yi. A kai shi babban asibiti mafi kusa, daga can a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Na biyu, bayan an sallamo shi, mu tambaye shi cikin ladabi, "Baba, me kake gani ya kawo ciwon nan?" Mu saurara, kada mu yi dariya, sa'an nan mu raka shi wurin likita ya ji amsa daga bakinsa. Na uku, masu zuwa dubiya su daina ba shi labarin wane da wane da ciwon ya kashe. Na huɗu, in wata ya wuce yana mugun mafarki, yana gudun mutane, a gaya wa likita. Wannan ba hauka ba ne, ba kuwa raunin imani ba ne. Yana da magani, ta hanyar zama da masana ko ta ƙwayoyi, kuma akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta tabbatar wa irin waɗannan majiyyata haƙƙinsu na a kula da su cikin mutunci.

Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Mu da aka sa makaranta, wajibinmu ne mu kai wa iyayenmu wannan ɗan haske. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.