Masu Tsinkar Auduga a Jazira

Tsinkar auduga aikin yatsu ne da ƙugu. Mai tsinka yana shiga kunya tun da sanyin safiya, a sunkuye, yana zare farin daga kwanson da ya bushe ya buɗe baki. Bakin kwanson kaifi gare shi, shi ya sa ake gane sabon shiga da tsagewar gefen farce. Gwani ba ya fizga, don in busasshen ganye ya maƙale a jiki, darajar audugar ta faɗi wurin tantancewa. Kuma auduga ba ta buɗewa lokaci guda, sai an koma gona ɗaya an sake bi, daga Janairu har wajen Afrilu. Ba a biyan yini, abin da kwandonka ya auna shi ne haƙƙinka, don haka magidanci kan shigo da mata da yara duka.

Inda wannan sana'a ta tara Hausawa fiye da kima shi ne Jazira, filin da ke tsakanin kogunan Nilu biyu, kudu da Khartum. A 1925 Turawan Ingila suka kammala madatsar Sennar, suka ja magudanan ruwa, suka yanka filin gonaki-gonaki da ake kira hawasha, domin masaƙun Lankashaya su samu auduga mai dogon zare. Bayan an ƙara yankin Managil, gandun ya kai kadadar Sudan, wato faddan, wajen miliyan 2. A da ana raba ribar audugar tsakanin gwamnati da kamfanin da ke gudanar da gandun da mai hawasha. Ba a yanka wa mai tsinka kaso ba, alhali in ba shi, audugar a gona za ta zube.

Hannun ya zo daga yamma. Akwai 'yan Darfur da Kordofan, akwai kuma mutanenmu, Hausa da Fulani da Barebari, waɗanda Sudan ke kira Fallata ko Takari. Wasu zuriyar masu hijira ne bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, waɗanda suka bi ɗansa Mai Wurno suka kafa garin Mayirno kusa da Sennar. Da yawa kuma alhazan ƙafa ne, masu yada zango su yi kaka ɗaya ko biyu su haɗa guzirin ƙetare Bahar Maliya. Wani ya sauke farali ya dawo ya zauna. Wani har jikokinsa suna cewa a kan hanya suke.

A nan ne ƙorafin da ake yi a ko'ina, cewa baƙo yana ƙwace aikin ɗan gida, ya kasa zama daidai. Iyalin mai hawasha ba su isa su tsinke gonarsu kafin ta lalace ba. Zuwan baƙi ne ya mayar da shi mai ɗaukar ma'aikata, ya tura ɗansa makaranta a Wad Madani, shi kuma ya samu sukunin buɗe kanti. Wanda baƙon ya matsa wa shi ne talakan ƙauyen da ba shi da gona, domin da shi suke gogayya a kan farashin kwando, kuma mai neman kuɗin jirgin Jidda ba ya dogon ciniki. Ƙasa kuwa ta ci riba ba gardama: auduga ta yi shekara da shekaru tana kan gaba a abin da Sudan ke sayarwa waje.

Abin da mai tsinka bai samu ba shi ne ƙasa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi hujjar cewa kakanni suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, kuma yawancin Fallata sun zo bayan haka. Sai suka zauna a matsugunan da ake kira kambo, a bakin magudanai, inda ruwan sha da na wanki ɗaya ne, tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suka zama 'yan gida. Wasu sun koma noman raba-daidai na gyaɗa da dawa a hawashar wasu. Da dokar gandun ta 2005 ta ba manoma damar shuka abin da suka ga dama, da yawa suka rage auduga, aikin tsinka ya ja baya, amma mazauna kambo suna nan, kuma yawancinsu ba su da takardar mallakar filin da bukkokinsu ke kai.