Gudun Safiyar Asabar a Gaɓar Teku: Fa'idarsa da Abin da Ya Wajaba a Kiyaye

A cikin watan Oktoba na shekarar 2004 ne wani mutum mai suna Paul Sinton-Hewitt ya tara 'yan gudu 13 a wani lambu da ake kira Bushy Park a birnin Landan, suka yi gudun kilomita 5, shi kuwa ya tsaya yana ƙidaya musu lokaci, kuma daga wannan ɗan ƙaramin taro ne al'adar nan da ake kira parkrun ta samo asali, har ta bazu cikin ƙasashe da dama. Ta isa Afirka ta Kudu a 2011 ta hannun Bruce Fordyce, wanda ya ci gasar gudun Comrades sau 9, sa'an nan ta kafu a birnin Durban, a gaɓar da ake kira North Beach, inda aka sha ganin fiye da mutum dubu sun hallara da ƙarfe 8 na safiyar Asabar, tsofaffi da yara, maza da mata, suna bin shimfiɗaɗɗiyar hanyar da ke kallon Tekun Indiya.

Ka'idar abin mai sauƙi ce: mutum ya rubuta sunansa sau ɗaya ta intanet, a ba shi lambar shaida, ya zo da ita, ba a karɓar ko kwabo. 'Yan sa-kai ne ke tafiyar da kome, kuma a cikinsu akwai wanda aikinsa shi ne ya tsaya a ƙarshen ayari, don kada wanda ya zaɓi tafiya da ƙafa ya ji kunyar zama na baya. Alal haƙiƙa wannan tsari abin yabo ne, musamman idan aka tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, alhali da yawa daga cikin mazauna birane, daga kujerar mota sai ta ofis, ba su kai ko kusa ba.

Amma fa bakin teku yana da ruɗi, kuma ruɗinsa ya fi kama baƙo. Hikimar da Allah ya sanya a jikin ɗan Adam ita ce gumi ya fito, ya bushe, bushewarsa ta tafi da zafi. To, idan iska ta riga ta cika da laima, kamar yadda take a Durban tsakanin Disamba da Fabrairu saboda ruwan ɗumin Agulhas da ke bin wannan gaɓa, sai gumin ya yi ta zuba ba tare da ya bushe ba, jiki ya yi ta asarar ruwa, zafi kuwa yana taruwa a ciki. Wannan mas'ala ta shafi mutanenmu ƙwarai, domin wanda ya tashi a Sakkwato ko Maraɗi, inda rana ta fi ƙuna amma iska busasshiya ce, idan fatauci ko aiki ya kai shi Ikko ko Ankara ko Kwatano, yakan ɗauka cewa tun da ya jure zafin bazara babu abin da iskar teku za ta yi masa. Wannan ƙiyasi ɓatacce ne. Jiki yana bukatar wajen mako biyu kafin ya saba da irin wannan yanayi, don haka sabon zuwa ya fara da tafiya, ya sha ruwa tun kafin ya fito, ya sa tufa mara nauyi.

Alamomin da ba a wasa da su su ne jiri, da tashin zuciya, da ciwon kai mai tsanani, da tangaɗi. Idan kuwa aka ga mai gudu ya fara sambatu, ko ya kasa gane inda yake, to, mai yiwuwa zafin jikinsa ya haura digiri 40, kuma wajibi ne a kan waɗanda ke kusa su kai shi inuwa, su yi ta kwara masa ruwan sanyi, su kira motar asibiti nan take, kada kuma a ɗura masa ruwa a baki matuƙar bai dawo cikin hayyacinsa ba. Wanda ke da hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda ya taɓa jin ƙirjinsa ya ɗaure yayin hawan bene, ya fara ganin likita tukuna, domin tawakkali bai hana riƙon sababi ba. Mai azumi kuwa, a ganina, ya fi masa alheri ya shiga cikin 'yan sa-kai a watan azumi, ya riƙe agogo ko ya nuna hanya, maimakon ya zubar da ruwan jikinsa da hantsi alhali magariba na da nisa.

Haɗari mafi girma, duk da haka, yana zuwa ne bayan an gama gudu, sa'ad da mutum ya jiƙe sharkaf, zuciya ta raya masa ya faɗa teku ya sanyaya jiki. Teku ba kogin Kaduna ba ne, ba kuma kududdufin bayan gari ba. Akwai wata igiya da ke komar da ruwa daga gaɓa zuwa ciki ta wata siririyar hanya, da ƙarfin da ya fi na gwanin iyo, kuma abin takaici shi ne wurin da take sau da yawa shi ya fi kama da natsuwa, saboda raƙuman ruwa ba su cika fashewa a nan ba. A Durban masu aikin ceto sukan kafa tutoci masu launin ja da rawaya, kuma tsakaninsu kaɗai ya kamata a shiga. Wanda igiyar ta ɗauka kada ya yi kokawa da ita yana neman gaɓa kai tsaye, sai dai ya kwanta bisa ruwa, ya ɗaga hannu don a gan shi, idan kuma ya iya iyo ya ratsa ta gefe har ya fita daga bakinta. Wanda ke tsaye a tudu kuma, in bai ƙware ba, ya jefa abin da ke yawo bisa ruwa ya kira masu ceto, domin an sha rasa mai taimako tare da wanda ya je taimakawa.