Tiyatar Rage Ƙiba: Ku San Abin da Ke Bayanta

Jama'a, ƙibar da ke sa mutum haki daga rumfa zuwa bakin kasuwa, ga ciwon sukari ko hawan jini, cuta ce, ba alamar wadata ba. Idan gyaran cima da motsa jiki sun gaza, likita na iya ba ku shawarar tiyata.

Ba a farke ciki. Ƙananan huji ake yi, a zura kyamara da siraran kayan aiki. A irin da aka fi yi, ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar abin da bai wuce girman ayaba ba, sai loma kaɗan ta ƙosar. Ba kitse ake kwashewa ba, kuma abin da aka cire ba ya dawowa.

Babban aikin yana bayan sallama. Makonnin farko sai romo da kunu mai ruwa, ƙwayoyin bitamin kuwa muddin rai. Mace ta jinkirta ɗaukar ciki aƙalla shekara guda. In za ku ƙetare iyaka don tiyatar, ku fara samun likitan da zai riƙa duba ku a gida. Wanda ya ji zazzaɓi ko matsanancin ciwon ciki bayan aikin, a garzaya da shi asibiti a ranar.