Sinadaran Wanke Inji: Inda Suke Aiki Da Inda Ba Su Kaiwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 har ya haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A irin wannan hali ne masu motocin haya da kamfanonin rarraba kaya ke kasa kunne ga duk wanda ya ce yana da dabarar rage shan mai. Daga cikin dabarun akwai 'yan kwalaben sinadarin da ake zubawa a tanki, waɗanda ake samu a kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Legas, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano.

Abin da kwalaben ke alkawarin wankewa shi ne baƙar daskararriyar kunkunniya da makanikai ke kira kabon. Takan taru ne daga ragowar man da bai ƙone sosai ba, da kuma ɗigon da ke saura a bakin injekta bayan an kashe mota, wanda zafin inji ke gasawa har ya ƙafe. Gajerun tafiye-tafiye da doguwar tsayuwa a cunkoson gari suna hanzarta taruwarta. Idan bakin injekta ya fara toshewa, mai ba ya fita a matsayin feshi mai laushi, sai mota ta riƙa karkarwa a tsaye, ƙarfinta ya ragu, shan mai kuwa ya ƙaru.

Sinadarin kirki yana aiki ne tamkar sabulu. Wanda ya fi suna shi ne PEA, domin yana jure zafin cikin silinda, kuma shi ne ginshiƙin Techron na kamfanin Chevron. Al'amarin ba tatsuniyar 'yan kasuwa ba ce: tun 1995 dokar Amurka ta wajabta sanya irin wannan sabulu a duk fetur ɗin da ake sayarwa a ƙasar, sa'an nan a 2004 kamfanonin BMW, General Motors, Honda da Toyota suka fito da ma'aunin Top Tier mai neman adadi mafi yawa. Sai dai ba kowace kwalba ce ke ɗauke da shi ba. Wasu masu araha ba su wuce narkakken mai dangin kananzir ba, don haka karanta bayan kwalba ya fi sauraren mai shago.

Muhimmin abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani shi ne, sinadarin ba ya wanke wurin da fetur bai taɓa ba. A tsofaffin motoci irin su Corolla da Camry da suka cika titunan Nijeriya, ana fesa fetur ne a bayan bawul ɗin shigar iska, watau man da sabulunsa suna bi ta kan bawul suna ɗauraye shi. Amma a injunan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, kamar masu alamar GDI na Hyundai da Kia ko TSI na Volkswagen, fetur ba ya ratsa bawul ko kaɗan. Tururin baƙin mai ya yi ta daskarewa a kansa, kuma ko kwalba goma aka juye a tanki, iyakarta injekta da kan fistin. Maganin wannan sai an kwance bututun iska an kankare, aikin da ke buƙatar gwanin makaniki da kuɗi mai kauri. Da yake irin waɗannan injuna na ƙara yawa cikin motocin Beljiyam, dillalai ma na da ruwa da tsaki a batun.

Kazalika, sinadarin ba ya gyara abin da ya riga ya lalace. Motar da ke fitar da shuɗin hayaƙi galibi ringi ne ya ci, baƙin mai na ƙonewa. Mataccen fulogi da toshewar matatar iska sai canji. Gurɓataccen mai ma ya fi ƙarfinsa, kamar fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon shekarar 2022, wanda ya jefa masu motoci da dama cikin asara.

Ga mai motoci da yawa, lissafin ba shi da wuya. Masu sarrafa sinadarin sukan ba da shawarar kwalba guda a cikakken tanki bayan kimanin kilomita 5,000, kuma na fetur daban, na dizal daban. Kafin a sayi katan-katan, sai a ware mota ɗaya ko biyu, a rubuta litar da suka sha da nisan da suka ci a tanki uku kafin zubawa, da tanki uku bayansa, a kan hanya guda da direba guda. Injin da dama yake a tsabtace ba zai nuna wani bambanci ba, kuɗin kwalbar ne kawai zai bayyana a littafin akawu.