Ko Ka Sani? Zafin Khartum Ya Fi Ƙarfin Niwut, Amma Gaiwa Ko a Jikinta

Niwut wata halitta ce mai siffar ƙadangare, amma dangin kwaɗo ce, kuma masu kiwon kifin ado a Turai da Asiya suna son ajiye ta cikin akwatin gilashi. Matsalarta guda: ba ta shiri da zafi. Yawancin nau'o'inta sun fi sakewa idan ruwa bai kai digiri 20 ba. A duk Afirka kuwa ba a samun ta sai a can arewa, wato Maroko da Aljeriya da Tunisiya.

Ɗaya daga cikin masu ɗan juriya ita ce Pleurodeles waltl ta Sifen da Maroko, mai kai tsawon santimita 30. Idan maƙiyi ya cafke ta, sai ta turo tsinin haƙarƙarinta ta cikin fata ta soke shi. To amma ko ita ba za ta kai labari ba a Omdurman, maƙwabciyar Khartum, cikin watan Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Sai dai a haɗa mata na'urar sanyaya ruwa, ga shi wutar lantarki ba ta da tabbas tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023. Kawo ta nan zalunci ne kawai.

Abin da ya dace yana nan kusa, cikin fadamun Farin Nilu, kogin da ke haɗuwa da Shuɗin Nilu a Mugran da ke Khartum: gaiwa, wadda kowane Basarke ya sani. 'Ya'yanta na fitowa da wasu gezoji masu laushi a gefen kai da suke numfashi da su, daidai irin na 'ya'yan niwut. Ruwa mai digiri 25 zuwa 30 shi ne daɗinta. Tana da huhu, don haka dole ta riƙa leƙo hanci sama tana shaƙar iska. Idan aka cika akwati har murfi, sai ta nutse ta mutu. Idan fadama ta ƙafe, takan shige cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta kwanta watanni har damina ta dawo.

Mai son kiwon ta ya tanadi akwati babba mai murfi mai nauyi, domin tana iya kai mita guda, wani nau'in ma mita biyu. Ita kaɗai ake ajiyewa, don tana cinye abokan zama, kuma haƙoranta masu fasa dodon koɗi ba sa barin yatsa.