Gaskiya ko Jita-jita: Birkin Tsohuwar Mota a Bakin Direbobin Ƙofar Guga

Motar da ta fita ta Ƙofar Guga a Katsina ta miƙi hanyar Jibiya, ko can za ta tsaya ko za ta zarce Maraɗi, ba kasafai take fita babu lodi ba. Buhuna a sama, jarkoki a but, fasinja a matse. Wasu daga cikin motocin sun girmi direbobinsu: Golf, J5, da ragowar Fijo 504 da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta haɗawa har 2006. Dukansu birkin mai ke gare su. Ka taka, masta, wato babbar silindar birki, ya tura mai cikin siraran bututai, kuma da yake mai ba ya matsuwa, ƙarfin ƙafarka sai ya isa tayoyi huɗu. Dabarar ta kwana biyu, tun 1921 motar Duesenberg ta Amurka ta fito da ita. Amma har gobe ana ta maganganu a kanta a tasha da gareji, wasu gaskiya, wasu kuwa Allah Ya kyauta.

Wadda aka fi ji bayan haɗari ita ce, "Birki ne ya tsinke, tsufa ne, ba ya sallama." Yawancin wannan jita-jita ce. Birkin mai yana sallama, har ya gaji da sallama. Matakin birki ya fara nutsewa a hankali in ka danne shi a tsaye, ko sai ka yi famfo sau biyu kafin ya kama, ko ka leƙa bayan taya ka ga jiƙa, ko mota ta riƙa fizga gefe ɗaya. Ƙarfen masta da na kalifa, mai damƙe birki a jikin taya, suna iya shekara arba'in lafiya lau. Abin da ke mutuwa roba ce da mai, su ne kuma mafi arha a cikin birkin gaba ɗaya.

Sai masu cewa man birki ba a canza shi, ƙari kawai ake yi. A nan nake so mu zauna, domin ita ce ƙaryar da ta fi kama da gaskiya. Man da aka rubuta wa DOT 3 ko DOT 4 yana zuƙar danshi daga iska, ta murfin tankinsa da ta jikin tiyo. Ƙa'idar Amurka da sunan ya samo asali daga gare ta ta ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Da zarar ruwa ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari a cikinsa, ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155. To ga mota da lodi, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga taka birki a kowane shinge da kowane rami. Kalifa ta ɗau zafi, ruwan da ke cikin man ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake. Direba ya taka, ƙafa ta tafi har ƙasa. Abin da ke ruɗa mutane, bayan motar ta huce birkin sai ya dawo garau, bakanike ya duba ya ce, "Oga, lafiyarsa lau." Daga nan ake fara zancen sammu.

Wani zai ce ai Katsina ba Legas ba ce, ina danshin? Da ɗan gaskiyarsa, a hunturu iskar nan ta bushe ƙarƙaf. Amma akwai damina, akwai mai wankin mota da ke feshin inji da ruwa, akwai gwangwanin da aka buɗe tun bara aka toshe bakinsa da leda. Yawancin kamfanonin mota shekara biyu suke cewa a zubar da tsohon a zuba sabo. Idan ka buɗe tankin ka ga man ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana a tukunya, ba sai ka tambayi kowa ba. Shi kansa ƙarin ma abin tuhuma ne: man birki ba ya ƙonewa irin na inji, in yana raguwa, ko fad ne ya cinye ko akwai inda yake yoyo.

Zuba ruwa da omo a madadin man birki fa? Gaskiya ne yana kama birki, shi ya sa maganar ta ƙi mutuwa. Kowane ruwa ba ya matsuwa. Sai dai a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsar da zai bari cikin silinda. Wanda ya yi haka don ya fitar da kansa daga daji da dare, ba zan ga laifinsa ba, muddin ya lallaɓa a giya ta ɗaya ko ta biyu kuma ya wanke bututan gaba ɗaya da gari ya waye. Baƙin mai ko man sitiyari kuwa sun fi ruwa ɓarna, domin kumbura roba suke yi, sai an sake kowace roba tun daga masta har tayoyi. Masu shafa man birki a makero ko sabon rauni su ma su bari, guba ne.

Akwai kuma aikin da na fi tsoro, wato kashe ƙafa. Silindar baya tana yoyo, fasinja na jira, sai yaron gareji ya kwance bututun ya cusa ƙusa, ko ya ɗora shi kan dutse ya daddake bakinsa da guduma har ya like. A ce, "Ai gaba ke tsayar da mota." Rabin maganar daidai ne, gaba ce ke ɗaukar mafi yawan aikin. Amma wannan lissafin na motar da ba ta da kaya ne. A-kori-kurar da aka danƙara wa buhunan gero nauyinta a baya yake. Fijo ma ta san da haka, shi ya sa ta sa wa 504 wani ɗan bawul kusa da gatarin baya mai ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon yadda lodi ya danne mota. A yawancin tsofaffin motoci ya daskare da tsatsa, ko an cire an yar.

Masu son gyara tsohuwar mota ta zama ta kece raini suna da nasu. Suna cewa a sa babban masta birki zai ƙara kaifi. Akasin haka ne. Ka cire mai faɗin milimita 20 ka sa mai 25, da ƙarfin ƙafa iri ɗaya matsin da ke isa taya ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Za ka ji birki ya yi tauri ka ɗauka ƙarfi ne. Haka mayar da gangar baya zuwa faifai: faifai ya fi saurin hucewa, ba musu, amma in ba a daidaita rabon gaba da baya ba, baya za ta riga kullewa mota ta juya da kai. DOT 5 kuma ba ƙanin DOT 4 ba ne da ya fi shi kyau, na silikon ne, ba sa haɗuwa. DOT 5.1 shi ke shiga.

Ƙarin da ya cancanci kuɗinsa shi ne masta mai layi biyu ga motar da ta zo da layi ɗaya, irin 404 na farko-farko, domin in layi guda ya fashe ɗayan ya riƙe ka. Amurka ta wajabta shi tun ƙarshen shekarun 1960. Sai bututu na ainihi, na ƙarfe ko na jan ƙarfe haɗe da nikel, ba na masu gyaran firij ba, wanda girgiza ke tsagawa. Sai tiyon roba na jikin kowace taya. Shi yakan ruɓe ta ciki alhali bayansa sumul, ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, birki ya riƙe. In ka tsaya bayan 'yar tafiya ka kai hannu kusa da wili ka ji ɗaya ya fi sauran zafi, ka sa a duba tiyon kafin a sayar maka da kalifa 'yar Baljiyam.